Ƙotar Garmar da Ba Ta Lalace Ba

Shekara tara na yi ina aiki a wani ofis cikin Jalingo, kuma in aka tambaye ni abin da na fi ƙwarewa a kai, zan ce ɓoye cewa na gama aiki. Ba da wannan hali na shiga ba. Mu biyar ne a ɗakin, kowa da teburinsa da kwamfutarsa, aikinmu buga takardu da shirya rahoto. A shekarar farko, da na gama nawa sai in miƙe in kai wa oga ina washe baki, kamar wanda za a ba kyauta. Kyautar kuwa ina samu. Sai ya miƙa hannu teburin wani abokin aikinmu, wanda a idona kakarsa ta rasu sau uku, ya kwaso fayil ya ɗora mini.

"Kai ne hannunka yana da sauri," in ji shi. "Ka taimaka ka yi kiliya ɗin wannan, ka gama shi kafin a tashi."

Haka na yi ta taimakawa har na wayi gari ina yin aikin mutum uku, masu aikin kuma suna waje suna cin gyaɗa. Na yi ƙorafi sau ɗaya, oga ya ce ba ya son mai ƙananan maganganu. Daga nan na yi wayo. In na kai shafin ƙarshe sai in bar shi, in haɗe gira ina kallon kwamfuta, in buɗe durowa ina neman abin da ban ajiye ba. Na iya wannan wasa sosai, har sababbin ma'aikata suna tausaya mini. Amma kullum in na sauka daga keke napep a unguwarmu ta Nukkai, matata na ganin fuskata sai ta kawar da yara daga hanya. Na tsani ofishin, kuma na fi tsanar mutumin da ya mayar da ni. Na rubuta takardar ajiye aiki, ta yi wata bakwai a cikin durowar nan.

Abin da ya hana ni miƙa ta shi ne ban san inda zan dosa ba, sai da kawuna, wan mahaifiyata da ke ƙauyen Iware, ya ce akwai wani fili a bayan gonarsa, in ina so in noma doya. Na yi ta godiya, sai ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya tukuna, ɗana. Fili na ba ka, amma doya ba aiki na mutum ɗaya ba. In mutane na gayya ba su shiga gonarka ba, ƙasa zai bushe kana kan layi na uku."

Gayya a wurinsu ita ce a haɗu a yi wa mutum ɗaya aiki rana guda, wani mako a koma gonar wani, mai gona ya ciyar da jama'a. A ƙarshen damina suke tara tsibin doya, lokacin ƙasa na da laushi. Ba a rubuta sunan kowa. Kawu ya ce in zo ran Asabar in yi aiki a gonar wani, dattawa su gan ni. In sun yarda, za su sa gonata a layi, in ba su yarda ba, shi ba zai roƙe su ba. Na gane cewa takardar da ke durowa tana jiran wannan Asabar ne.

Mun isa gonar rana ba ta gama fitowa ba, ina saɓe da garmar da Kawu ya ara mini. Maza kusan talatin suka jera a bakin gonar, kowa da garmarsa, kowa da layinsa. Aka sa ni tsakanin wasu magidanta biyu. Can gefe na hangi wani tsoho siriri, mai jan ƙafar hagu, gashin kansa fari fat, na ce a raina wannan dai an kawo shi ne don albarka.

Wani ya ɗaga murya da waƙa a yarensu, sauran suka amsa, garmuna suka sauka gaba ɗaya. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na ji ƙarar a tafin ƙafata kafin in ji ta a kunne. Ƙasa ja tana tashi tana juyawa, kowa ya sara dama ya sara hagu ya tara, kafin ka ƙifta ido tsibi ya tsaya har gwiwa, an matsa gaba. Babu mai kallon agogo, babu mai tsaye yana ba da umarni. Bayanmu tsibi suna ta jeruwa, gabanmu duwatsu suna fitowa daga hazon safiya. A yankin nan aka haife ni, na sha wucewa ta gonakin doya a mota, amma ban taɓa sanin haka ake yin su ba.

Ni ma ban ba da kunya ba da farko. Ina da ƙarfi, na yi noman hatsi da ƙuruciya, kuma waƙar tana ɗaukar mutum. Tafin hannuna ya fara zafi amma ina tafiya. Da na ɗaga kai sai na ga saura tsibi kamar goma sha biyu in kai ƙarshe, kuma na wuce mutane da yawa.

Nan ne shekara tara ta ofis ta tashi a jikina. Ban ma yi shawara ba. Wani abu ya ce mini, in ka gama yanzu za su ƙara maka layi. Sai na sassauta. Na tsuguna, na juya garmar, na shiga buga ƙotar da dutse kamar ta yi sako-sako, alhali lafiyarta lau. Na haɗe gira irin yadda nake yi wa kwamfuta. Na ɗan sara, na sake tsugunawa. Waɗanda na wuce suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina jin daɗin wayona.

Abin da Kawu bai faɗa mini ba, don a ganinsa ba abin faɗa ba ne, shi ne yadda ake ƙare layi. Wanda ya kai ƙarshe ba ya zama, kuma ba a ba shi sabon layi. Juyowa yake yi ya duba wanda ya fi kowa zama baya, ya shiga layinsa daga can ƙarshe, ya riƙa sarowa har su haɗu a tsakiya. Ba mai taɓa kunu sai layin ƙarshe ya haɗe. Na ga mutum na farko ya juya, na biyu ya juya, kowa yana faɗawa layin wani ba tare da an ce masa komai ba. Na saki baki ina kallo, na manta cewa yanzu ni ne na baya.

Wanda ya shigo layina tsohon nan ne mai jan ƙafa. Ya gama nasa. Ya tsaya a ƙarshen layina, ya tofa yawu a hannu, ya fara sarowa wajena. Ina ganin haƙarƙarinsa ta yagaggiyar rigarsa, ina jin numfashinsa, kowane tsibi sai ya ja ƙafar nan ya gyara tsayuwa. Mutumin da ya girmi mahaifina yana yin aikin da na ɓoye da gangan. Na kama garma na shiga sara kamar mahaukaci, amma ina, ya riga ya ci rabi. Muka haɗu a tsakiya, ya tara tsibin ƙarshe, ya dafa shi da bayan garma, ya wuce bai ko dube ni ba.

A ƙarƙashin bishiya mata suka kawo kunu da dafaffiyar doya, wasu suka koma gefe wajen tulun burkutu. Na ajiye kunun gefe. Kawu yana can yana hira, ya ƙi haɗa ido da ni. Na tashi na je na durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ƙotar nan ba abin da ya same ta."

"Na sani," ya ce. "Ni na sa wa kawunka wannan ƙota, shekara biyu ke nan."

"To me ya sa ka zo?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake shan ruwa. "Layi ya rage, kunu yana jira. Ina ruwana da dalili naka?" Ya kurɓi kununsa. "Amma wane ne ya koya maka tsoron gama aiki? Wannan mutum ya cuce ka."

Na tashi na ɗauki garmar. Da aka koma zagaye na biyu na yi aiki har hannuna ya fashe, na gama, na juya na shiga layin wani. Amma na san an riga an gan ni.

Ran Litinin na gama fayil ɗina kafin azahar. A teburin kusa da ni akwai wata sabuwar ma'aikaciya, wadda oga ya gano hannunta na da sauri, takardu sun kusa rufe ta. Na miƙa hannu na ɗebi rabi daga ƙasa. Ta dafe su da sauri, idonta ya cika da tsoro.

"Yallaɓai, me na yi maka?"

Na ce ba komai, taya ta zan yi. Har muka gama tana satar kallona, tana jiran ta ga inda tarkon yake. Na koma kujerata zuciyata ta yi nauyi, don na san nan da shekara biyu ita ma za ta iya neman abin da ba ta ajiye ba a durowa.

Kwana goma babu labari. Na fara gaya wa matata cewa wataƙila ofis ɗin ne rabona. Ran Alhamis da rana wayata ta yi ƙara, Kawu ne.

"Asabar ta sama, gonarka. Ka kawo gero, ka kawo akuya ɗaya."

Na ce, "Kawu, sun yarda?"

"Da yawa ba su yarda ba. Tsoho ne ya tsaya maka. Ya ce mai wayo sun saba gani, amma mai wayo da ya zo ya durƙusa ya faɗa da bakinsa, bai taɓa gani ba. Ya ce a gwada ka shekara ɗaya."

Ina ajiye wayar na buɗe durowa. Oga ya karanta takardar sau biyu, ya ce, "Yanzu wa zai yi duk wannan aiki?" Na waiga na dubi teburan nan huɗu, biyu babu kowa a kansu, na ce masa akwai mutane.

Ran Asabar suka zo, har sun fi na wancan karon yawa, ina jin wasu sun zo kallon ɗan ofis ne. Da garmuna suka sauka a kan ƙasar da aka ce tawa ce, sai da na juya baya na share ido. Na kama layina ban ɗaga kai ba har ƙarshe. Na juyo ina haki, ina neman wanda ya rage a baya.

Tsohon ne. Yana can tsakiyar layinsa a tsugune, ya juya garmarsa, ya haɗe gira, yana buga ƙotar da dutse a hankali. Duk gonar ta fashe da dariya, har Kawu ya riƙe ciki. Tsohon ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗan ofis, ƙota ya lalace. Za ka zo, ko sai na rubuta takarda?"

Na shiga layinsa daga ƙarshe, na fara sarowa wajensa.