Layin da Aka Ce Inuwa Ya Taka

A Balan aka haifi Inuwa ɗan Malam Tukur, gidan noma gaba da baya. Tun yana ƙarami aka san shi da gudu. In an fita farauta da rani, sauran samari suna jifan zomo da sanda, shi kuwa bin sa yake yi da ƙafa har zomon ya gaji. Da aka kai shi firamare a Gaya ya haɗu da Datti, ɗan Kademi, gajere kakkaura mai son raha. Tabarma ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Ranar wasannin makaranta Inuwa ne a fili, Datti kuma yana gefe riƙe da rigarsa, yana ihu har muryarsa ta dushe.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, tare suka je Kano suka shiga soja, aka sa su sashen gyaran motoci. Allah ya fito da su lafiya. Bayan yaƙi Inuwa ya koma gudu, kuma a tseren zagaye ɗaya babu wanda ya taɓa shan gabansa a barikinsu. Wannan ya sa masa ji da kai, ba ya son a ce masa ga gyara.

A farkon shekarar 1972 aka tura su biyun Ingila kwas ɗin injin mota. Lokacin sanyi ne, filaye duk sun daskare. A nan suka ga abin da ba su taɓa gani ba: filin tsere a cikin ɗaki. Wani tsohon rumbun ajiye jiragen sama ne aka shimfiɗa wa katako, zagayensa rabin wanda suka saba, kwanoninsa a karkace kamar gefen ƙwarya. Wani tsohon sajan Bature mai horar da 'yan gudu ya ga Inuwa yana motsa jiki, nan take ya sa sunansa cikin tseren zagaye ɗaya da za a yi tsakanin sojojin ƙasashe. Turancin Inuwa bai yi ƙarfi ba, Datti ne tafinta.

"Ya ce ka riƙa zuwa da yamma kana koyon shan kwanar nan," in ji Datti. "Wai katakon yana jan ƙafa zuwa ciki."

Inuwa ya yi dariya. "Ni da na yi gudu a kunyoyin gyaɗa, katako ne zai gagare ni?"

Sau ɗaya ya je, bai koma ba.

Ranar tsere aka ba shi layin ciki, inda kwana ta fi matsewa. Bindiga na tashi ya fita kamar an cilla shi. Ƙarar takun ƙafa a kan katako ta cika ɗakin, bai ma ji ihun mutane ba. A kwanar ƙarshe ya ji jikinsa ya rinjaya hagu, ya yi maza ya daidaita, ya wuce wani dogon Bajamushe, ya riga kowa isa. Bai gama maida numfashi ba ya hangi alƙalin kwana ya ɗaga jar tuta. Aka ce ya taka layi, an cire shi, nasara ta Bajamushen ce.

Inuwa ya yi ta faɗa da Hausa, ba mai jin sa. Ya jawo Datti, wanda yake tsaye daidai kwanar lokacin tseren.

"Gaya musu ƙarya ce! Don sun ga baƙar fata ne!"

Datti ya ce a hankali, "Inuwa, a gabana aka yi. Ka taka."

Inuwa ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya ɗauki rigarsa da kansa ya fice.

Washegari sajan ya same shi a gareji. Ya ce akwai babban tsere wata mai zuwa, da 'yan gudu daga ƙasashe da yawa, in Inuwa ya yarda ya koyi kwana, ba ya shakkar zai kai tseren ƙarshe. Datti ya fassara, ya ƙara da nasa roƙon. Inuwa bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba. Daga ranar bai sake gudu ba, bai kuma sake yi wa Datti magana ba sai ta aiki.

Da suka dawo gida ba su daɗe ba suka bar soja. Datti ya koma Kademi ya kama noma. Inuwa ya zauna a Ajingi yana gyaran kekuna da injinan niƙa, ya auri Hansai. Shekarar da aka yi fari, Datti ya aiko masa da damin gero daga ɗan abin da ya samu, Inuwa ya karɓa ya aika da godiya, amma bai je ba. Da Malam Tukur ya rasu, Datti ya zo Balan ta'aziyya, ya zauna kusa da shi wuni guda. Abin da ya shiga tsakaninsu bai wuce "ya haƙuri" da "da godiya" ba. Da zai tafi ya tsaya riƙe da kekensa, yana jira ko za a taka masa. Inuwa ya so ya tashi, ya ji nauyi, ya ce a ransa bari sai bayan sadakar arba'in ya je Kademi da kansa.

Arba'in ta wuce, damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Kullum akwai abin da zai hana: ga shuka, ga girbi, ga injin wani ya tsaya. Gaskiyar magana bai san da wace kalma zai fara ba.

Da kakar 1978, ranar kasuwar Ajingi, wani ɗan Kademi ya kawo facin taya, cikin hira ya ce, "Ai ka ji Datti Soja ya rasu da safen nan. Ciwon ciki, kwana biyu kacal." Inuwa ya bar tayar a cikin ruwa ya hau keke. Kafin ya isa an dawo daga maƙabarta.

Da ya koma gida ya zauna a tsakar gida, tuwo ya huce a gabansa. Hansai ta san labarin tseren tun tana amarya, amma ba ta taɓa tambaya ba sai ranar.

"Malam, wai don Allah, ka taka layin nan?"

Ya ce, "Ban sani ba, Hansai. Gudu nake yi, ban duba ƙasa ba. Amma tun muna firamare Datti bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Datti ya bar matarsa da 'ya'ya mata uku ƙanana. Da ruwan shuka ya sauka, Inuwa ya rufe rumfarsa, ya ɗaure garma a bayan keke ya nufi Kademi. Sai da ya gama gonarsu sannan ya taɓa tasa, haka kuma ya riƙa yi duk damina har ƙaramar ta yi aure.