Yarinyar da Na Ce Ta Rasu

Aikina a makarantar firamare ta Katolika da ke unguwarmu a Jimeta shara ne da girki. Da safe in share azuzuwa, da hantsi in dafa wa ƙananan yara abinci, in an tashi in bi tagogi ina rufewa. Karatuna aji shida ne, a ƙauyenmu can ƙasar Ganye. Ina karanta Hausa sosai, Turanci kuwa sai a hankali. Ni mace ce mai yawan damuwa. Sai in kulle ofis, in kai bakin titi, in dawo in taɓa kwaɗon. Wata Asabar da na je faɗin zunubi, Fada ya ce mini ta bayan labule, "Mama, gishirin da ya yi yawa a miyar yara ba zunubi ba ne. Ki riƙa rage wa na bayanki lokaci." Na faɗi wannan don a san sakaci ba halina ba ne. Duk da haka ni ce na yi abin da zan ba da labarinsa.

Shekarar da mutanen nan masu bindiga suka ci garuruwan arewacin jiharmu, an rufe makaranta a tsakiyar zango. Mutane suka yi ta tsallako gada, wasu a bayan tifa, wasu a ƙasa, ƙafafunsu a kumbure. Cikin mako guda muka fitar da bencina muka jibge su a gindin dogon yaro, kowane aji ya zama ɗakin kwanan iyalai. A aji biyar lissafin da malami ya rubuta yana nan a allo, ga zannuwan mata a shanye a jikinsa. Matan Zumunta na coci suka raba girki, kowace ƙungiya da ranarta, ni kuwa kullum ina wurin murhu. Maƙwabciyarmu Hajiya, mai soya ƙosai a bakin ƙofar makaranta, ta aiko da babbar tukunyarta ta biki.

"Adda," ta ce mini, "in kika ƙona mini gindin tukunya, ko Fadanku ba zai raba mu ba."

"Tuwon mutum ɗari uku ne, Hajiya, ba ƙosan naira goma ba."

"To ki tuƙa da kyau. Na san ki, kina tuƙi kina tunanin ko kin rufe taga."

Sista, shugabar makarantar, ta ɗauki littafin rajista ta rubuta kowa: sunan gida, sunan baftisma, sunan uba, da gari. A cikin makaranta da sunan baftisma muke kiran yara, don shi muka saba da shi, kuma shi ya fi mana sauƙin faɗi. Wanda ya rasu, sai Sista ta yi ɗan gicciye da jan biro a gefen sunansa. Saboda tsoron bom an kafa doka, baƙo ba ya shiga. Mai neman ɗan'uwansa ya tsaya a waje, a duba masa littafi.

Wata Talata Sista za ta kai marasa lafiya asibiti. Mai gadinmu dattijo ne, bai yi boko ba, sai ta miƙo mini littafin ta ce in zauna a ƙofa har ta dawo. Na karɓa da hannu biyu.

Wajen azahar wani mutum ya zo. Dogo ne, siriri, ya ɗaure ƙafa ɗaya da tsumma. Ya cire hula ya gaishe ni, Hausarsa ba ta nuna sosai ba. Ya ce 'yarsa yake nema, mai shekara kamar bakwai. A wajen gudu aka jefa ta cikin wata mota, shi bai samu shiga ba. Ya ce ya zaga Girei, ya zaga Sangere, aka ce masa ya gwada makarantar 'yan Katolika. Ya faɗi sunanta na gida, ya faɗi nasa, ya faɗi garinsu.

Na buɗe littafi ina bi da yatsa. A shafi na huɗu na gan ta. Sunan nan, sunan uban nan, garin nan, shekara bakwai. Ga jan gicciye a gefe.

Na san yarinyar. Gudawa ce ta kashe ta kwana takwas kafin nan, ita ma ba ta zo da kowa ba, kuma ni da wata mata muka yi mata wanka. Mutumin yana ta magana, yana nuna hannunsa na hagu, yana cewa tana da tabon ƙuna a nan, kunu ne ya zube mata tana rarrafe. Kunnena ya ji, amma hankalina yana kan gicciyen, ina neman yadda zan faɗa masa.

"Baba," na ce, "sai haƙuri. Allah ya karɓi abinsa."

Bai yi kuka ba. Ya zauna a kan dakali, ya ɗora hular a gwiwa. Can ya tambaya ko an yi mata addu'a. Na ce Fada da kansa ya yi, an sa ta a makabartar coci, da farin zane, ni ma ina cikin masu wankanta. Ya tambaya ko ta sha wuya. Na ce a'a, barci ta yi. Wannan ƙarya ce, na kuma faɗe ta wurin Fada daga baya.

Hajiya ta bar kaskonta ta kawo masa kunu a kofi. "Sha, bawan Allah. Ko kurɓi ɗaya."

Ya riƙe kofin har ya huce. Ya ce matarsa tana ɓoye a kan dutse da tsohuwarsa marar lafiya, saboda yarinyar kaɗai ya sauko. Tun da haka ne, zai koma.

"Ka koma ina?" in ji Hajiya. "Mutane na fitowa kai kana shiga? Zauna ka huta ko kwana biyu."

"Me zan zauna in yi, Hajiya?"

Ya yi mini godiya har sau biyu, ya ce Allah ya saka mini da na wanke masa 'ya. Ya mayar da kofin, ya kama hanyar tasha yana ɗingishi.

Kwana uku bayan haka ruwa ya zo a famfo, muka tara yaran da ba su da iyaye don yi musu wanka. Na kama hannun wata 'yar shiru-shiru da ke kwana a aji uku, zan cuɗa ta, sai na ga tabo daga wuyan hannu har gwiwar hannu, fatar ta yi sheƙi. Soso ya faɗi daga hannuna. Na tambaye ta sunanta, ta faɗi na baftisma. Na ce na gida fa? Ta faɗi sunan da mutumin nan ya faɗa. Na ce babanki? Ta faɗi nasa.

Wata mata 'yar ƙasarsu da ke ɗauraye yara kusa da ni ta ga fuskata. Na ce mata ai mai wannan sunan ta rasu. Sai ta yi dariya.

"Wacce daga ciki? Mama, a wurinmu ba zaɓen suna ake yi ba. Yadda aka haife ka haka sunanka yake. Ɗan fari da nasa, 'yar fari da nata, na biyu da nasa, har ƙasa. Ki shiga kasuwarmu ki kira wannan sunan, mata ashirin za su waiwayo. Mijina da ƙanen babana da mai gidan da muke haya duk sunansu ɗaya."

"Garin fa?"

"Kowa sunan babban gari yake faɗi. Wa ya san ƙauyukanmu a nan?"

Da jiƙaƙƙen hannu na ruga ofis. Na buɗe littafin gaban Sista. Shafi na huɗu, ga mai gicciye. Shafi na shida, ga sunan kuma, ga uban, ga garin, ba gicciye. A shafi na tara ma akwai wata, sai dai ita shekararta goma. Shafi biyu kawai ya rage in juya. A ƙasarmu ba a raɗa suna haka, ban taɓa ji ba, ban kuma tambaya ba.

Sista ta cire tabarau. "Me ya hana ki duba har ƙarshe?" Ba ta ɗaga murya ba. Can sai ta ce, "Ni ma da na rubuta ban gaya miki ba. Tashi, nemo Katikis. Kuka ba zai kamo shi ba."

Ni da Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, muka hau Keke Napep muka je tasha. Direbobi suka ce motoci a rabin hanya suke tsayawa, daga nan kowa ƙafarsa. Na kwatanta musu mutumin, dogo, mai tsumma a ƙafa. Wani kamasho ya ce, "Mama, yau a tashar nan wa ba shi da tsumma a ƙafa?" Muka je Girei, muka bi makarantu da coci-coci inda mutane suke kwana. Duk inda muka faɗi sunansa sai maza uku ko huɗu su taso, kowanne da fatan 'yarsa ce, mu ce ba shi ba ne, su koma su zauna. Wannan ma wani alhaki ne da na ɗauka. Aka yi sanarwa a coci Lahadi uku a jere. Hajiya ta sa mijinta ya yi cigiya a masallacin unguwa da wajen 'yan hatsi. Shiru.

Sista ta ce kada a gaya wa yarinyar tukuna, sai an same shi. Na yarda da sauri, domin ya yi mini daidai.

Da abubuwa suka lafa aka mayar da bencina, aka wanke azuzuwa, makaranta ta buɗe. Iyalai suka watse. Wata malama da ke zaune a Shagari Low Cost ta ɗauki yarinyar, aka sa ta aji biyu. Tana da ƙoƙari, har ta shiga mawaƙan yara. Ni ta ɗauke ni kamar uwa. Da an fita tara sai ta zo kicin ta zauna a kan turmi, in kankare mata ƙanzo. Wani lokaci ta ce, "Mama, babana ya san hanyar Jimeta, yana kawo wake. In hanya ta buɗe zai zo." In ce Allah ya kawo shi. In juya ina gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Sau da yawa na shirya maganar tun daga gida, ina tafe ina maimaitawa. In na gan ta sai in ce bari ta gama jarrabawa, bari ta karɓi Jibin Ubangiji na farko a coci, bari Kirsimeti ya wuce. Aka yi wa Sista canjin wuri, wadda ta gaje ta ba ta san zancen ba. Fada ya ce mini kuskure ne, ba da nufi na yi ba, Allah ya gani. Na ce, "Fada, na sani. Amma mutumin yana can yana makokin 'yar da ke cin ƙanzo a kicin ɗina." 

Tana aji shida, a ranar bikin godiyar kaka da ake yi a filin makaranta, wata baƙuwa da ta zo wurin danginta ta ga tabon lokacin da yaran suke rawa. 'Yar ƙauyensu ce. Ta kama yarinyar tana ihu da yarensu, mutane suka taru. Daga bakinta muka ji sauran labarin. Mutumin ya isa dutsen lafiya. Ya gaya wa matarsa, suka yi makoki yadda ake yi. Da kaka ya sauka gona ya ɗebo musu dawa, bai dawo ba, bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa. Uwar tana raye, ta koma ƙauye.

Bayan mako biyu uwar ta zo. Ƙaramar mace ce, ta tsufa fiye da shekarunta. A ofis aka haɗa su. Ta riƙe hannun 'yar tana shafa tabon, tana magana, yarinyar tana amsawa da Hausa, don yaren ya fara kuɓuce mata. Ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ba wanda ya kira ni. Na jingine tsintsiyar na shiga na durƙusa.

Na faɗi komai, a gaban sabuwar Sista da malamar da ta riƙe ta. Na ce ya zo har ƙofar nan, 'yarsa tana aji uku, tsakaninsu bai fi taku hamsin ba. Na ce ni na duba littafi, ni na ce ta rasu. Na ce da na juya shafi da ya zauna a Jimeta.

Uwar ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ko ya gan ta, da ya koma ɗauko mu. Ban sani ba. Tashi, Mama, ƙasa da sanyi." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma zage ni ba.

Yarinyar ce ta yi magana. "Tun ina aji nawa kika sani?"

"Tun kafin a sa ki aji."

"Kullum ina ce miki zai zo."

"Kina faɗa."

"Kina cewa Allah ya kawo shi."



Washegari na raka su tasha, ni na ɗauki jakarta. Hajiya ta ƙulla musu ƙosai a leda. Uwar ta shiga ta zauna a tsakiya, yarinyar a bakin taga. Na miƙa jakar ta tagar, ta karɓa ta ce, "Na gode," yadda ake gaya wa ɗan dako. Na tsaya har mota ta cika, kusan awa guda. Tana duban kujerar gabanta har direba ya tayar, suka fita ta ƙofar arewa.