Ƙashin da ya tsayar da rijiyar Baƙo

Baƙo mai haƙa rijiya ne, Bamaguje daga wata unguwa a bayan Dayi. Gajere ne, ga kafaɗu, ga taurin kan tsiya. Shekara talatin yana haƙa wa mutane rijiya, daga Musawa har Danja, amma matarsa Tsohuwa kullum da tulu a ka zuwa rafi. Abin kunya! Sai a ranin 1964, da gwiwarta ta soma ciwo, ya kafa diga a gefen gonarsa, inda tsofaffi ke cewa kufai ne.

Ya kai gaba uku, ƙasa har ta fara danshi, sai digar ta ci karo da wani dogon ƙashi. Ya ɗauka na mutum ne. A al'adar gidansu, ramin da aka tono ƙashin mutum a ciki cike shi ake yi, a yanka akuya, ba mai shan ruwansa har abada. Ya fito ya yi tagumi, ko fura ya kasa sha.

Tsohuwa ta ce, "Maigida, kai ƙasa ka sani, ba ƙashi ba. A kira Sanda."

Sanda tsohon mahauci ne a kasuwar Malumfashi. Ya zo da wani malamin jami'a daga Zariya, mai yawon bin mahauta yana koyon ƙasusuwan dabbobi. Malamin na ta fama da awo, Sanda kuwa sau ɗaya ya juya ƙashin ya tuntsire da dariya.

"Haba Baƙo! Wane kakan naku ne mai ƙwauri haka? Dubi ƙarshen, ya rabe biyu ya buɗe. Raƙumi ne!"

Malamin ya gyaɗa kai, ya nuna inda gaɓar ta cinye. Ya ce a ganinsa raƙumin gida ne da ya sha kaya, ya faɗi nan tun ba a san Dayi ba. Ya roƙi a ba shi ƙashin.

"Ɗauki, Malam, har da sauran in na tono!" in ji Baƙo, yana ajiyar zuciya. Bai jira an gama sallama ba ya kama igiya ya koma rami.

A kwana na huɗu ruwa ya ɓulɓulo. Gugan farko Tsohuwa ya miƙa wa. Ta sha, ta wanke gwiwa, sannan ta wurga gammonta bayan danga.