Saƙon da Ban Isar Ba

Har yau in na ji ƙamshin kunun tsamiya, sai in ga kaina a ƙauyenmu na ƙasar Shagari, zamanin Turawa, ina 'yar shekara tara riƙe da ƙwarya a ƙofar ɗakin babana.

Ciwon ciki ne ya kwantar da shi. Da jiƙe-jiƙe suka gaza, baffana ya ɗora shi a jaki har Bodinga, daga nan suka shiga mota zuwa asibitin Sakkwato. Bature likita ya lallatsa cikin, ya sa tafinta ya ce tsiro ne a tumbi, ya riga ya kai hanta, wuƙa ba ta da sauran aiki, a mai da shi gida. Yanzu kuna ce masa ciwon daji. Mu da abinci muke gane inda ya kai. Da shuka ya bar tuwo, da noman fari ya bar fura, gero na fitar da kai kunun ma sai ludayi biyu.

Kakata ce ke damawa, amma ba ta taɓa kai masa ba. Ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, kuma ƙauyen duka na yaba mata wannan kunya. Ni ce bakinta. Sai ta zauna bayan dangar ɗakinsa tana tsinkar rama, tana sauraron numfashinsa ita kaɗai.

Wata rana da hantsi ya ce in roƙa masa gafararta. Na je na faɗa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, kusan har azahar, sannan ta ce, "Tahi ki ce mishi na yahe mishi, duniya da lahira."

Na shiga na tarar baffana na shafe masa ido.

Da na fito ta tambaye ni zancen saƙon, "Ya jiya?"

Na ce, "Ya jiya, Kaka."

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayansa, ban taɓa gyara maganar ba, kuma ban da ku ban gaya wa kowa ba. Kewarsu duka biyu na damuna. Yanzu na girme ta, kuma duk lokacin da ɗan farina ya bugo waya daga birni, sunansa nake fara kira. Tsofaffin unguwa suna cewa ba ni da kunya. Ba na musa musu.