Bizar Ziyara Ce, Na Ce Musu Ta Aiki Ce

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba, mu huɗu ne a zauren gidanmu: ni, da ƙanena, da ejan da ya zo daga birni, sai Inna, mahaifiyarmu, tana zaune daga bakin ƙofar ciki. A lokacin ni ne babba a gidan, kuma ni ne mai karanta takardu a ƙauyenmu da ke yankin Bici. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma an san ni da tsari. Ko buhun taki ba na saya sai na duba ɗinkinsa. Shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, rumbu yake ƙarewa tun kafin ruwa ya sauka.

Ƙanena mai tsire ne, tukubarsa sananniya ce a kasuwarmu, amma nama ya yi tsada, masu saye sun janye. Sai wani mutumin yankinmu da ke da gidan abinci a wata ƙasar Larabawa ya aiko yana neman mai gashin nama daga gida. Ranar Larabar nan ejansa ya kawo fasfo da biza. Ni aka miƙa wa. Na karanta sau biyu, kuma na gane sarai: bizar ziyara ce ta wata ɗaya, har an rubuta cewa ba a yarda mai ita ya yi aiki ba. Na ja ejan waje na tambaye shi. Ya ce mai gidan abincin shi ma baƙo ne a ƙasar, da sunan wani ɗan ƙasa shagon yake, izinin ɗauko ma'aikaci bai fito ba tukuna, amma da an sauka za a juya takardar ta koma ta aiki.

Da muka koma, Inna ta tambaye ni ko an rubuta aiki a ciki, domin ita ba ta yarda ɗanta ya je ƙasar mutane yana ɓuya ba. Na ce mata an rubuta. Ƙanena ya yi dariya, ya ce tunda Yaya ya duba ai magana ta ƙare, shi dai a ɗaura masa yaji da yawa, zai koya wa Larabawa hawaye. Ba ruɗa ta aka yi ba. Na lissafa bakunan da nake ciyarwa, na ga idan ya tafi nauyi zai ragu, na zaɓi in yi ƙarya.

Ba a juya takardar ba. Wata ɗaya ya cika, ya zama mai laifi. Shekara uku ya yi tsakanin madafa da wani ɗaki a bayan shagon. Idan masu bincike suka shigo layin, sai a tura shi cikin ɗakin ajiye gawayi. Tafasasshen mai ya ƙona masa hannu, bai je asibiti ba saboda ba shi da katin zama. Duk lokacin da ya kira waya sai ya ce Yaya a ƙara duba masa maganar takarda, ni kuma in ce ya yi haƙuri ana kai. A shekara ta uku Inna ta kwanta ciwo. Kullum tana cewa tunda aikinsa na halal ne da takarda, me ya hana ubangidansa ya ba shi hutu ya zo ta gan shi. Da ya ji jikinta ya tsananta, da ƙafarsa ya je ya miƙa kansa ga hukuma don a koro shi. Wata biyu ya yi a tsare. Ya iso gida kwana tara bayan mun binne ta.

A wurin tsarewar ne wani ya karanta masa abin da ke cikin fasfonsa. Tun da ya dawo bai ɗaga mini murya ba. Yana gaishe ni da safe, yana ce mini Yaya, muna noma gona ɗaya. Amma da aka ba matarsa takardar asibiti, wuce ƙofata ya yi ya kai wa malamin firamare ya karanta masa. Na nemi gafararsa, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Inna kuwa ta tafi da abin da na gaya mata.

Abin da na koya shi ne, wanda bai iya karatu ba ya ba ka amanar idonsa ne. Ina roƙon duk mai karanta wannan: idan aka kawo maka takardar tafiyar wani, ka tambaya ko mai ɗaukar yana da izinin ɗauka, kuma ka faɗi abin da ke rubuce yadda yake, a gaban mai tafiyar da iyayensa, ko da gidanku ba ko ƙwayar hatsi. Sannan ku sa mahaifiyata a addu'a.