Katifar da ke zuwa shago kullum

Mai Katifa ya shekara ashirin yana farke katifun mutane yana sake musu riga. Da ya ga shatar fitsari a jikin soso zai faɗa maka shekarun yaron gidan. A kan 'ya'yan wasu dai gwani ne. Nasa Autan kuwa, mai shekara takwas, fitsarin kwancensa ya gagare shi.

Kullum da safe sai ya naɗe 'yar katifar Auta, ya ɗaure a bayan babur, ya shanya ta a shago cikin na gyara, don kada maƙwabta su gan ta a kan katanga. Ba ƙaramin burge kansa yake da wannan dabara ba.

Ran nan mai walda na kusa da shi ya leƙo. "Wai wannan katifar ba ta gyaruwa ne? Kullum ita!"

"Ta wani kwastoma ce," in ji Mai Katifa, daɗin hira ya kwashe shi. "Ƙaton yaro, an sangarta shi. Da nawa ne, da tuni..."

Yana waiwayawa ya ga Auta tsaye da jakar makaranta. Yaron ya gane katifarsa sarai.

Kwana biyu Auta ba ya shan ruwa sai an matsa masa, leɓɓansa duk suka bushe. Maman Auta ta dire kofin ruwa a gaban mijinta. "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ai sana'arka ce."

Kunya kamar ya nutse. Ya ɗauki kofin, ya je ya zauna a bakin gadon yaron.

"Auta, ka san inda na koyi ɗinki?"

"Wurin maigidanka."

"Haka nake faɗa wa mutane. A kan katifata na koya. Sai in farke rigar, in wanke, in mayar in ɗinke kafin kakanka ya lura. Har na kai shekara sha ɗaya."

Auta ya zaro ido. "Baba, ai ka fi ni!"

"Nesa ba kusa ba. Ba laifinka ba ne, mararka ce ba ta gama ƙwari ba. Sha ruwanka, da yamma kawai za mu riƙa ragewa."

Yaron ya shanye tas, ya miƙo kofin a ƙara masa.

Washegari mai walda ya sake leƙowa. "Ɗan kwastoman nan bai daina ba?"

Mai Katifa ya baje katifar a rana, bai ɗago ba. "Ƙyale shi, yaron kirki ne. Uban ne sakarai."