Kwalbar Sitronel Ta Maƙwabciyata

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakanina da matar nan a Gure, kuma ban taɓa jin daɗin zama da ita ba. Ta girme ni sosai, don haka Yaya nake ce mata. In ta shigo gidana sai ta gama duba tukunya da igiyar shanya kafin ta ce ina kwana.

A daminar da abin ya faru na fara haɗa man shafawa na korar sauro. Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta koya mana a ƙungiyarmu ta mata. Ana narka man kaɗe, a bari ya huce, a ɗiga masa man sitronel kaɗan, a juya. Shi sitronel ɗin a ƴar kwalba yake zuwa daga Damagaram, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba. Ƙanshinsa kamar na ganyen da muke jefawa a shayi, amma matar ta ja mana kunne. Wannan ba a shan shi, ba a shafa shi tsurarsa, ba ya zuwa kusa da ido ko baki, kuma ba a sa wa ƙananan yara. Ko babba sai ya gwada a hannu, ya jira ya gani. Ta ce sauro na gudunsa na ɗan lokaci ne, in ƙanshin ya tafi su dawo, don haka ba ya hana kwana cikin sange, wato gidan sauro. Amfaninsa zaman magariba a tsakar gida, lokacin tuwo da hira, kuma a nan kam yana aiki. Mijina da ke zama da mafici a hannu har ya daina bugun ƙafa.

Wata safiya Yaya ta shigo ina cikin juyawa. Na ɗibar mata gwangwani guda kyauta. Ta shinshina, ta taɓe baki.

"Wannan ai kaɗe ne zalla. Ba ni na ƴar kwalbar."

Na ce, "Yaya, wancan yana ƙona fata. Sai an haɗa."

"Ni za ki koya wa magani? Na yi goyo tun kafin a haife ki. Ki ce dai rowa ce."

Ta tafi da gwangwanin, ba godiya. Bayan kwana kaɗan ɗanta, wanda ke tuƙa kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram, ya kawo mata tata kwalbar. Na sani ne don ƙanshin ya tsallako katanga har ya hau mini kai.

Ranar kasuwa na je sayen kayan miya, sai mai tattasai ta ƙi haɗa ido da ni. Wata mata daga Gidigir da ta saba karɓar man a wurina ta ce, "Baiwar Allah, ashe manki ne ya ƙone yarinya?" A bakinta na ji labarin. Jikar Yaya, ƴar shekara biyu, jikinta ya yi ja daga wuya har ƙafa, wasu wurare sun tashi, ta murza ido da hannu idon ya kumbura. An kai ta likita, wato asibitin garin, da safe. Yaya kuwa tun a hanya take gaya wa duk wanda ta gamu da shi cewa ni na ba ta guba a gwangwani.

Ban koma gida ba. Da kwandona a hannu na wuce likita.

Na same su a baranda. Yarinyar na kwance a cinyar uwarta, surukar Yaya, an shafa mata wani farin magani, ta gaji da kuka sai ajiyar zuciya. Yaya na ganina ta miƙe.

"Ga ta nan, majo. Ga mai man."

Majo, babban ma'aikacin wurin, mutum ne mai sanyin magana. Ya ce a nuna masa abin da aka shafa. Yaya ta ciro gwangwanina daga cikin zane ta miƙa masa. Ya buɗe, ya ga ko rabin yatsa ba a taɓa ba. Ya dubi Yaya.

Na ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Ina kwalbar da ɗanki ya kawo miki?"

"Wace kwalba? Kin ga ni da kwalba?"

Sai surukar ta kwance bakin mayafinta. Ta ciro kwalbar ta ajiye a kan benci, saura kaɗan a gindinta. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Inna, wannan kika zuba a tafin hannu. Na ce miki ta yi ƙanƙanta."

Majo ya ɗauke kwalbar ya sa a aljihu. Ya yi wa Yaya bayanin da na yi mata a tsakar gidana, kusan kalma da kalma, ya ƙara da cewa Allah ya taimaka yarinyar ba ta kai shi baki ba. Ita kuwa tana kallon bango.

Da na tsaya a nan da ya fi. Amma raina ya riga ya ɓaci. A gaban majo da surukarta na ce mata tsufanta bai ƙara mata komai ba sai ƙarya, kuma da jikar ta makance da ita ta makantar da ita. Mijina ya yi mini faɗa a kan wannan maganar. Na yarda ta yi nauyi, amma ban janye ta ba.

Yarinyar ta warke cikin kwana goma, sai ɗan tabo a wuya. Yaya ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ba ta kuma koma ta gyara maganar a inda ta ɓata ni ba. Mata da yawa sun daina karɓar man, domin ƙaryar ta zagaya gari, abin da ya faru a baranda kuwa mu biyar kawai muka gani. Surukar ce ta fi shan wuya. Wata biyu Yaya ba ta ci abincin da surukar ta dafa ba, daga baya mijinta, ɗan Yaya, ya kama musu ɗaki a wata unguwa.

Har yanzu ina haɗa man duk damina, don gidana da mutum uku ko huɗu. Tawa kwalbar tana cikin akwati da kwaɗo. Yaya na nan bayan katanga, ƙafa ta fara ba ta wahala. In mun haɗu a gidan suna ko ta'aziyya ina gaishe ta, saboda idon mutane. Takan amsa tana kallon wani wuri.